Muryar Likitan Mage a Faifanmu

Masu yi mini ƙorafi cewa ina da dogon zagaye kafin in zo kan magana, yau kun huta. Na yi ɓarna, jiya-jiyan nan, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan zama ya gagare ni. Na zauna a gado, na koma kujera, na tashi na jingina da taga. Ku dai ku saurara, in kun ga dama ku zage ni daga baya.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, ni ce autar gidanmu. Da safe ina koya wa yaran firamare waƙa, da yamma kuma ina busa saksofon, wannan ƙahon ƙarfen mai lanƙwasa da Mama ke kira "bututun nan naki". Mu uku ne a ƙungiyarmu. Akwai Kawu, wanda ba kawuna ba ne na jini, dattijo mai kaɗa babban bas, wani abin kiɗa na tsirkiya da ya fi shi tsayi. Akwai Gwangwani mai ganguna, wanda ya samo sunansa saboda ba ya wuce murfin tukunya ko tsohon gwangwanin madara bai ƙwanƙwasa ya ji muryarsa ba. Sai ni.

Abin da muke yi jaz ne, amma ba mai sanyin nan da ake sawa a wurin cin abinci ba. Ba ma rubuta komai, ba ma gwaji, ba ma shirya inda za a fara balle inda za a tsaya. Wani ya yi sauti, saura su amsa masa, shi ke nan. Ranar da Baba ya fara jin faifanmu daga ɗakina, leƙowa ya yi ya tambaya ko injin wanki ne ya sake lalacewa.

Sai kuma Dokta. Likitan dabbobi ne, na haɗu da shi lokacin da magen Mama ta haɗiye zare, shi ya sa har gobe Likitan Mage ne sunansa a wayata. Dogo ne, mai sanyin hali, kullum gashin wata dabba na manne a hannun rigarsa. Yana da in'ina. In kalma ta maƙale masa sai ya riƙe numfashi, ya ɗan runtse ido ɗaya, ya jira ta fito. Saboda haka ya fi son rubutu, kuma saƙonsa dogo ne, da waƙafi da aya a inda ya dace, kai ka ce jarrabawa za a duba. Ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kar wata ta zo ƙasan rubutun nan ta ce dama neman hanyar gudu nake.

Ranar Asabar iyayensa za su zo ganin Baba. Tun farkon mako gidanmu ya koma kasuwa. Jiya Alhamis na fito falo da jakar saksofon a kafaɗa, na tarar da Yaya a kan kujera tana rataya sabon labule mai ruwan madara, Mama a ƙasa riƙe da ƙugiyoyi tana ba da umarni.

"Ya karkace ta hagu. A'a, hagunki." Ta juyo ta gan ni. "Ina kuma za ki da bututun nan?"

"Yau muke ɗaukar faifai, Mama. Na faɗa miki."

"Auta, ki yi wa Allah ki tura shi ƙarƙashin gado har a gama maganar nan."

"Ai ya san ina busa."

"Ya san kina busa, bai ji abin da kike busawa ba. Ni na ce wa mamarsa malamar waƙa ce, kuma ban yi ƙarya ba. Ki bar shi a haka."

Yaya ta ce daga sama, ƙugiya a bakinta, "Saurayin nan naki na bara ko tsakiyar kiɗan bai kai ba ya tuna yana da taro."

"Dariya kike yi?" in ji Mama. "Ni ba na dariya. Yaron nan mai hankali ne, iyayensa mutanen kirki. Kar ki kuskura ki kai shi wurin hayaniyar nan taku."

Na ce to. Kun san irin "to" ɗin nan da ake faɗa ana kallon ƙofa. Abin da Mama ba ta sani ba, tun da safe na riga na tura masa saƙo.

"Yau da la'asar muna ɗauka. Ka zo ka ji da kunnenka kafin Asabar. In za ka gudu, gara ka gudu kafin Mama ta gama biyan mai labule."

Ya amsa, "Zan zo, in sha Allah. Na saba da kukan jaki, da na akuya mai naƙuda, da na aku mai fushi. Ban ga abin da za ku yi da zai kore ni ba."

Na karanta ina dariya ni kaɗai. Gaskiyar magana, na gaji da ɓoye rabin kaina. Ina so mutumin da zan zauna da shi ya ga abin da nake zama in na rufe ido na sa ƙahon nan a baki.

Baƙar doguwar riga na sa, marar duwatsu, da mayafi mai taushi, da takalmin roba. A motar haya na cire awarwaro da 'yan kunne na zuba a jaka. Ba don kunya ba. A ƙungiyarmu, duk abin da ya yi ƙara a ɗaki ya zama namu. In awarwarona ya yi ƙaras, Gwangwani zai cafke, Kawu ya bi shi, kafin ki ankara an yi dogon kiɗa a kan awarwaro. Mun taɓa bin kukan ƙofa. Mun taɓa bin tarin Injiniya, matar da ke ɗaukar mana sauti, har ta ce a rubuta sunanta cikin makaɗa. A wurinmu wannan girmamawa ce. In muka ɗauki sautinka, mun ce maka sannu da zuwa ke nan. Kuma abin da aka ɗauka a karon farko shi ne faifai, ba a yankewa, ba a maimaitawa.

Ɗakin ɗaukar yana saman wani shagon taya. An lulluɓe bangonsa da tsofaffin darduma da kwalayen ƙwai, in za a fara kuma sai an kashe fanka, don haka zufa ake yi ta gaske. Muka jira Dokta har Kawu ya fara duba agogo. Sai ga saƙo: an kawo masa kare da mota ta buge, mu fara, yana tafe. Injiniya ta ɗaga yatsa daga bayan na'urarta, muka fara.

Farkon bai yi armashi ba, ba zan ɓoye muku ba. Kawu yana jan wata doguwar murya a ƙasa, Gwangwani yana shafa fatar ganga da tafin hannu, ni kuma ina ta lalube. Hankalina rabi yana kan ƙofa. Na rufe ido don in daina tunaninta.

Can sai na ji ta buɗe. Ba wanda ya gaya wa Dokta cewa in an fara ba a magana, domin mu a wurinmu babu wannan dokar. Mutum ne mai ladabi, ya shigo ɗaki ya ga dattijo, ba zai zauna haka kawai ba.

"Ku... ku... ku yi haƙuri," ya ce. Ya tsaya. Na ji numfashin nan da yake riƙewa. "Na m-m-makara."

Gwangwani bai ko ɗaga kai ba. Sandarsa ta sauka a bakin ganga, bugu biyu gajeru, na uku ya zarce, sai shiru, sai wasu uku a jere. Daidai yadda maganar ta fito. Kawu ya karɓa da tsirkiya, ya ja ta, ya saki. Nan take ɗakin ya farka, abin da muke ta nema tun ɗazu ya shigo da ƙafarsa.

To, ni fa? Nan ne wurin da za ku zage ni. Su biyun ba su san shi ba, sauti suka ji suka bi. Ni na san muryar waye. Amma wallahi a lokacin ban yi tunanin komai ba, jikina ne ya amsa. Na cika ƙahon da iska na toshe ta da harshe, na riƙe, na riƙe, har ƙarfen ya fara rawa a hannuna, sannan na bar sautin ya ɓalle. Wannan riƙewar tasa ce. Ba wanda ya san ta kamar ni, na sha zama a gabansa ina jiran ta wuce. Na busa ta, na sake busa ta, na juya ta sama da ƙasa, na yi mata kuka, na yi mata dariya. Tunda na fara busa ban taɓa jin mu ukun mun zama abu ɗaya irin na jiya ba.

Da muka gama, Injiniya ta cire abin kunnenta a hankali ta ce, "Kai! Wannan shi ne faifan."

Na buɗe ido ina murmushi, ina neman fuskarsa. Ƙofa a buɗe take. A ƙasa kusa da ita akwai leda da robobin ruwa masu sanyi guda huɗu, har da na Injiniya ya sayo. Shi kuwa babu shi.

Sai a lokacin na tuna abin da ya taɓa ba ni labari, shi ma a rubuce. Yana aji uku, duk ranar da malami ya ce ya tashi ya yi karatu, 'yan ajin sai su fara buga tebur suna bin in'inarsa, har sai ya zauna. Ya ce daga nan ya fara zama da dabbobi, su ba sa gaggawar mutum.

Na sauka da gudu, takalmi ɗaya na neman fita. Masu taya suka ce ai dogon nan ya daɗe da tafiya. Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na dawo sama na gaya musu abin da ke nan.

"Amma ai karrama shi muka yi!" in ji Gwangwani. "Ni da za a bi muryata haka, sai na yi mako ina yi wa mutane yanga."

"Kai muryarka ba ta taɓa sa ka kuka ba," in ji Kawu.

"To yanzu sai a yi yaya? Mutanen da za su fitar mana da faifai suna jira. Irin wannan ba ya zuwa sau biyu, Kawu, kai ma ka sani."

Kawu ya jingina bas ɗinsa da bango, ya daɗe yana goge tsirkiyar da ƙyalle. Sannan ya dube ni.

"'Yata, ba mu taɓa goge abin da muka ɗauka ba. Amma muryar nan ba tamu ba ce, bai ba mu ba. In ya ce a goge, a gabanki za a goge. Sai dai ke za ki je ki tambaye shi, ba saƙo za ki tura ba."

Saƙon kam na tura, har ban san adadi ba. "Don Allah ka ɗauka." "Ba abin da kake zato ba ne." "Ka bari in yi maka bayani." Duk ya buɗe, alamar ta nuna, amma ko aya bai maido ba. Mutumin da ke rubuta mini sakin layi uku a kan abin da ya ci da rana.

A gida na tarar an gama labule an koma kan kofuna. Mama ta fito da na baƙi, masu bakin zinare, tana wankewa da kanta don ba ta yarda da hannun kowa ba.

"Dokta ya kira ki yau?"

"Yana da aiki, Mama. Kare aka kawo masa."

Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli jakar da ke kafaɗata. Mama ba ta buƙatar a gaya mata abu.

"Auta. Me kika yi?"

"Ba komai."

"Na ce me kika yi?"

Yaya ta ja ni ɗaki kafin in fashe. Na ba ta labari tana zaune a bakin gado, hannu a haɓa. Ba ta yi dariya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

"Ki goge shi mana," ta ce. "Kiɗa ne fa. Gobe ku yi wani."

Na ce haka zan yi. Amma da ta fita, na sa abin kunne na saurari abin da Injiniya ta turo mini, daga farko har ƙarshe, na kuma sake. Ku yafe mini, yana da kyau. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yau Juma'a ban je makaranta ba, na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Na canza riga sau uku, na ƙare a wata ruwan toka da ya taɓa cewa tana yi mini kyau. Asibitinsa ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon ɗinki da kantin magani. Na zauna a benci tsakanin wata mata mai zomo a kwali da wani tsoho da kyanwarsa ke ta harara ta. Warin maganin wanke ƙasa ya cika mini hanci. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba ina jin sa yana lallashin karen jiya, maganarsa na tafiya sumul, ko tuntuɓe babu.

Da ya fito ya gan ni, bai yi mamaki ba. Ya sallami mai zomo, ya sallami tsohon, sannan ya nuna mini ɗan ofishinsa na baya. Tebur ɗaya, kujera biyu, firjin allurai yana gurnani a kusurwa.

Na fara zuba, yadda muke aiki, awarwaro, tarin Injiniya, cewa a wurinmu girmamawa ce. Na ce Kawu ya ce in ya ce a goge za a goge, ni ma na yarda, yau ɗin nan. Ya bar ni har na ƙare. Sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni in ji."

"Dokta, ba sai ka..."

"Jiya r-rabi na ji. Ba ni."

Na ba shi wayar da abin kunne. Ya sa, ya jingina, ya kafa wa bango ido. Ni kuwa na karanta duk abin da ke manne a ofishin nan, hoton haƙoran kare, jadawalin rigakafi, har da rubutun jikin firji. Na cire zobe na mayar. Na ga lokacin da muryarsa ta shigo, don muƙamuƙinsa ya motsa. Bai tsayar ba. Ya ji har ƙarshe, ya cire abin kunnen ya naɗe igiyarsa a tsanake ya ajiye a gabana.

"Kar a goge," ya ce.

Na saki numfashi. Ashe da sauran magana.

"Mai gangan bai dame ni ba. Irin nasa na s-saba ji. Ke ce." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Wurin nan da kika riƙe iska. Ko mamata ba ta san ina yin haka ba. Ni kaina ban san ana ji ba."

"Don na damu da kai ne na sani."

"Wataƙila." Ya ture wayar gefe. "Kin tuna ranar da kika ce in rage rubutu, in riƙa kiranki, wai kina son jin ina magana? Ranar ban yi barci ba don murna. Ba a taɓa ce mini haka ba." Ya dube ni ido cikin ido. "Ki gaya mini gaskiya. Ni kike s-s-s..."

Kalmar ta maƙale. Ya runtse ido ɗaya, ya riƙe numfashi, na zauna ina jira kamar kullum, amsata a shirye: kai nake saurare, kai, ba wani abu ba. Sai na ga idonsa ya bar fuskata ya sauka ƙasa. Na bi inda yake kallo.

Yatsuna ne. Suna kan igiyar jakata, suna dannawa suna ɗagawa, gajere, gajere, riƙe, daidai da shi, kamar maɓallan ƙahon ne a ƙarƙashinsu. Ban san suna yi ba. Ban san tun yaushe suke yi ba, ko tun ranar magen Mama ne.

Na damƙe hannun da ɗayan. Bai ƙarasa tambayar ba. Me zan ce? In na ce shi kaɗai nake ji, ga shaida a cinyata. In na ce duka biyun ne, shi da sautin, kuma ban san yadda ake raba su ba, wace mace ce ke faɗa wa namiji haka ana gobe iyayensa za su zo?

Wayata ta yi haske a kan tebur. Mama ce: "Ki tambayi Dokta su nawa za su zo, saboda kujeru." Ya gani, don a gabansa take. Ya daɗe yana kallon saƙon, sannan ya zaro tasa wayar daga aljihun rigar aiki. Na zaci rubutu zai yi, sai na ga ya kai ta kunne.

"Abba, barka da rana. Eh, lafiya lau. Dama a kan m-maganar gobe ne." Ya kalle ni. "Ina so a..."

Nan ta tsaya masa. Idonsa ɗaya a runtse, ƙirjinsa a cike, ina jin muryar mahaifinsa siririya daga wayar yana cewa, "Ina jin ka, ɗana, a hankali." Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu da dukan nauyina, na jira kalmar ta fito.